Akwatin Boris Da Na Zaɓa Wa Kabiru

Ranar Asabar ɗin da soja suka miƙa mulki ga farar hula, a ƙarshen watan Mayu na shekarar 1999, hantsi ya same ni tsaye cikin wani shagon kayan wasan yara a Ƙofar Kwaya, ina da shekara goma sha biyu. An ɗauke wuta tun safe, don haka mai shagon, wani Alhaji mai ƙaton tumbi da fara'a, ya jona 'yar talabijin ɗinsa da batirin mota ya ɗora ta bisa kanta. Maza sun cika bakin ƙofa, har da 'yan kabu-kabu da suka kashe babura suka tsaya leƙe. Ana ta nuna fareti ana busa, wani yana cewa wannan karon sun tafi ke nan, wani yana cewa a dai bari a gani. Ni ko sau ɗaya ban ɗaga kai na kalli talabijin ɗin ba. Idona yana kan akwatuna uku da aka jera mini a ƙasa bisa tabarma, mahaifina kuma yana tsaye a bayana ya harɗe hannuwa. Kwana arba'in da biyu ke nan da rasuwar mahaifiyarmu, kuma an kawo ni ne in zaɓi abin wasan da zai ɗauke hankalin ƙanena Kabiru har a fitar da ƙanwarmu Nana daga gida ba tare da ya gani ba.

Gidanmu a Ƙofar Marusa yake, cikin wani lungu da mota ba ta shiga, sai dai ta tsaya a bakin titi mutum ya ƙarasa da ƙafa. Gidan ƙasa ne da aka shafe da siminti daga waje. In ka wuce zaure da ɗan soro sai tsakar gida, da itacen bedi guda ɗaya a tsakiya, rijiya a kusurwa, turken awaki biyu, da akurkin kajin da kullum ni ake turawa in zura hannu in ji ko sun yi ƙwai. Umma, mahaifiyarmu, ɗinkin hula take yi. Da an yi azahar takan shimfiɗa tabarma a gindin bedin, ta baza zarurruka kala-kala a cinyarta, allura ɗaya a hannu ɗaya a baki, tana ba da umarni ta gefen leɓe. Nawa aikin sananne ne: shara da safe, jan ruwa har randuna biyu su cika, wanke-wanke, kai niƙa, sannan in ruga makarantar boko da sauran danshi a hannun rigata. In na samu sarari mukan zana 'yar gala-gala da gawayi a bakin zaure ni da 'yan matan maƙwabta, ko mu zauna carafke da duwatsun da muka goge har suka yi santsi. Kabiru, mai shekara biyar, gare yake yi da tsohuwar tayar keken Baba, yana ƙugin mota da baki. Nana kuwa, 'yar shekara uku, aikinta bin bayansa tana faɗuwa tana tashi, da cusa duk abin da ta tsinta a baki, daga ƙwallon dabino har maɓallin riga.

Wata safiya cikin tsananin zafin bazara naƙuda ta kama Umma. Da za a fita da ita asibiti ta tsaya a soro tana dafe da ƙugu, ta waiwayo ta ce, "Kabiru, riƙe hannun ƙanwarka har in dawo." Ba wata wasiyya ba ce. Abin da take faɗa ke nan ko gidan maƙwabta za ta shiga aron rariya. Kafin la'asar aka dawo da ita a naɗe, ita da abin da ke cikinta. Lokacin da maza suka ɗaga makara za su fita, Kabiru ya ƙwalla ƙara sau ɗaya tak, numfashinsa ya tsaya. Leɓɓansa suka yi baƙi, idanunsa suka juye, ya sandare a ƙasa. Aka yi ta kwara masa ruwa ana hura masa kunne ana salati, har wasu matan suka fara cewa gawa biyu ta zama uku, sannan ya ja numfashi. Wani maƙwabcinmu malamin asibiti da ya duba shi ya ce shiɗewa ce, kuma a kiyaye, kada a bari yaron nan ya sake shiga irin wannan firgici. Da ya farfaɗo, abin da ya fara laluba shi ne hannun Nana.

Tun daga ranar bai sake ta ba. Da dama yake cin tuwo, hagu na riƙe da ita. In za a yi mata wanka yana tsugune a gefen baho, ruwan sabulu na gangaro masa har gwiwar hannu. In za ta shiga bayan gida yana bakin ƙofa riƙe da gefen zanenta. Tayar gare ta kwanta a bayan akurki har kaji suka fara hawa kanta. Da farko masu zuwa gaisuwa kan ga haka su share hawaye, daga baya abin ya zama na dariya, ana ce masa mijin Nana, daga ƙarshe kuma ya zama abin da ya dami manya. Ni kuwa a kwanakin nan ban yi kuka ba, har mata suna nuna ni suna cewa a ga yarinya mai haƙuri. Ba haƙuri ba ne. Ji nake kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, kana ganinta, kana taɓa ta, amma ba ka jin taka ce. Ina shara, ina jan ruwa, ina amsa gaisuwa daidai yadda aka koya mini, in an ce in ci abinci in ci.

Ranar sadakar arba'in, bayan an watse, manya suka zauna a zaure suka raba mu. Ba da wannan kalmar suka faɗa ba, amma abin da aka yi ke nan. Ni na isa aiki, sai in zauna. Kabiru namiji ne, gidan ubansa ne wurinsa. Nana kuwa tana bukatar uwa, ga kuma Inna Rabi, ƙanwar Umma da ke aure a Maraɗi, shekara takwas ba ta samu haihuwa ba. Haka ake yi, kuma ba zan ɗora wa kowa mugunta ba, don Inna Rabi tana son Nana kamar ta haɗiye ta. Matsalar guda ce, hannun Kabiru. Wadda aka bar wa warware ta ita ce Gwaggo Hajara, yayar Baba, wadda ta tattaro kayanta ta dawo gidanmu tun ranar rasuwa. Gwaggo mace ce mai zuciyar kirki da muryar da ba ta san raɗa ba, in ta ce za ta gaya maka sirri har mai shayin bakin titi sai ya ji. Ra'ayinta game da yara kuma bai taɓa canzawa ba. "Yaro ba a yi mashi bayani," in ji ta, "wayo ake yi mashi." Ta gwada alewa, ya karɓa da hannun dama. Ta aike shi sayen magi, ya ja Nana suka tafi tare. Ta ce a jira ya yi barcin rana, sai aka tarar ya ƙulle gefen zanen Nana a wuyan hannunsa, ƙulli uku, da an taɓa ya buɗe ido.

Ni ce na kawo dabarar, kuma ba wanda ya tilasta ni. A makarantarmu yaran aji shida suna da wani wasa da suke haɗawa da kansu. Sukan sami guntun katako su kafa masa ƙusoshi jeri-jeri, su zagaye gefensa da robar tayar keke, su jingina shi da dutse ya ɗan karkata, sannan su harba ɗan ƙwallon ƙarfen da ake cirowa daga boris ɗin keke ko na mota, ya hau sama ya gangaro yana karo da ƙusoshi har ya faɗa ramin da aka rubuta wa maki. Lokacin hutun tara sai ka ga kawuna sun haɗu a kansa a bayan aji, ana ihu ana rantsuwa, har malamin da ke kan aiki ya zo da bulala ya tarwatsa su. Wani yaron lungunmu yana da irinsa, kuma kwanaki kaɗan kafin sadakar na ga ya ba Kabiru ya gwada. Na ga yatsun hagunsa sun saki Nana na ɗan lokaci, kamar ƙiftawar ido uku, kafin ya tuna ya cafko ta. Ina tankaɗe a bakin murhu na gaya wa Gwaggo wannan, da muryar da zan ce mata gishiri ya ƙare. Ta ajiye muciya ta dube ni. Ta ce katakon yaran nan ba zai yi ba, a sayo na kanti mai kyau wanda bai taɓa gani ba. "Ke za ki zaɓo, ke kuma za ki zamna da shi," ta ce. "In ko kika bari ya shiɗe mani, ni da ke ne, sai jikinki ya gaya maki."

Shi ya sa washegari Baba ya ɗora ni a bayan kekensa, abin da bai taɓa yi ba. Ni ce 'yar fari, kuma Baba mutumin da ne a wannan fanni. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa kallona ido cikin ido ba, in yana son ruwa sai ya ce wa bango, "A kawo ruwa." Tela ne, yana da ɗan shago kusa da Gobarau, kuma da Kabiru da Nana yana wasa har su hau wuyansa, amma ni da shi sai dai a ce an ce. Ko a shagon Alhajin, ina tsaye taku ɗaya daga gare shi, ga mai shago ya juya ya ce, "Alhaji, a fiddo mata masu boris ɗin nan ta duba."

Na farkon ɗan ƙarami ne, bai fi tafin hannun babba ba, na roba, an rufe shi da leda mai tauri, da hoton kifaye a ciki. Ana jan wani ɗan maɓalli a saki, ƙwallo kamar ƙwayar gero ya zagaya ya faɗa. Da safiyar nan na riga na ƙirga takun da ke tsakanin gindin bedi da bakin titi inda mota za ta tsaya, taku saba'in da huɗu ne da ƙafata. Saboda haka ina harbawa ina ƙirgawa a zuci. Kafin in kai goma sha biyar wasan ya ƙare. Banda haka, yaro zai iya riƙe shi da hannu ɗaya ya ja da haƙori. Na tura shi gefe. Na biyu na katako ne, mai kyau ƙwarai, an yi masa fenti ja da ruwan ɗorawa, da ƙusoshi masu sheƙi, samansa a buɗe, ƙwallayensa biyar a cikin 'yar jaka ana ɗauka ana sakawa. Alhaji ya bar talabijin ya matso. "Malam, wanga shi ne na gaske," ya ce wa Baba, "har jikoki sai sun gada." Na juya ƙwallo ɗaya a tafin hannuna, mai sanyi, daidai maƙogwaron yaro, sai na ji bakina ya ce, "Wannan ba zai yi ba, Nana za ta haɗiye." Alhaji ya yi dariya ya ce lallai ɗiyar nan ta san kaya, ya tambayi Baba yara nawa ne za su yi wasan. Baba ya dubi tabarma ya ce, "Ɗaya." Na mayar da ƙwallon cikin jaka, na ɗaure bakinta yadda na same ta.

Na ukun ya kai girman tiren shayi, da gajerun ƙafafu biyu a baya da suke sa shi karkata. An rufe samansa da roba mai kama da gilashi, an ɗaure da sukurori, ƙwallaye uku suna ciki ba hanyar fitarsu. A dama akwai sanda mai sifirin da ake ja a harba. A tsakiya akwai 'yar ƙararrawa irin ta keke, duk lokacin da ƙwallo ya doke ta sai ta yi ƙara. A ƙasa kuma akwai wasu 'yan fikafikai biyu da suke mayar da ƙwallo sama kafin ya faɗa rami, kowanne da maɓallinsa, ɗaya a gefen dama na akwatin, ɗaya a gefen hagu. Na gwada da hannu ɗaya, ƙwallon ya zille ta ɗaya gefen. Na ware yatsuna iya warewa ko za su kai duka biyun, ba su kai ba, balle na ɗan shekara biyar. Da hannu biyu kuwa na wuce tamanin a ƙirgata da ƙwallon farko, ga biyu suna jira. Ba ya cin batir, don haka ba zai mutu a tsakiyar hanya ba. Ƙararrawar kuma tana da kaifin da zai iya danne ƙarar takalmi a soro. Duk wannan lissafi na yi shi a natse, kamar mai zaɓen tumatir, ban ji tausayi ba, ban ji tsoro ba. A daidai lokacin mazan bakin ƙofa suka ɗauki kabbara da tafi, wai an rantsar da sabon shugaban ƙasa. Na ɗora hannu a kan akwatin na ce wa Alhaji wannan.

A hanyar komawa Baba ya biya ta shagonsa. Na tsaya a waje riƙe da kwali, ina kallon hasumiyar Gobarau da tantabaru suke zagayawa, garin ya yi tsit kamar ranar Sallah da rana, kowa yana gindin rediyo. Ya fito da ƙunshi a leda, ledar ta yage a gefe, na hango 'yan riguna uku na atamfa. Da ya ɗora mini su a cinya na ga ba girmansu ɗaya ba. Ta farko daidai Nana, ta biyu ta fi ta, ta uku kuwa ta yarinya ce 'yar shekara shida, kuma kowacce ya bar mata lanƙwasa mai faɗi a ƙasa yadda in ta ƙara tsawo za a warware. Ya hau keke ya ce wa iska, "A riƙe da kyau." Ban san ko kwalin yake nufi ba, ko rigunan, ko ni. Na riƙe duka.

Washegari Lahadi, bayan azahar, hadari ya taso ta gabas ya tsaya bai zubo ba, garin ya yi ɗumi, awaki suna ta haki. Tun da safe an miƙa jakar kayan Nana ta kan katanga zuwa gidan maƙwabta, daga can aka kai mota. Inna Rabi tana ɗakin Gwaggo da mayafinta a jiki, tana son su ƙetare iyaka da sauran rana. Na shimfiɗa tabarmar Umma a gindin bedi, na ajiye akwatin yadda mai wasa zai fuskanci rijiya ya ba zaure baya. Da na yaye kwalin, Kabiru ya buɗe baki, rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin rasuwa. Nana ta kai hannu tana son ƙwaƙulo ƙwallayen, ta kasa. Na nuna masa yadda ake ja a saki. Ya ja da dama, ƙararrawa ta buga, ya yi dariya, ƙwallon ya gangaro ta hagu ya faɗa. Ya sake, ya sake faɗawa. Ya gwada danna maɓallin hagu da gwiwa, akwatin ya goce. Na ce masa, "Sai da hannu biyu." Ya dubi Nana, ya dubi akwatin. Na ce, "Kawo in riƙe maka ita." Da kansa ya ɗauki hannunta ya sa a cikin nawa, ya matse yatsuna a kai, sannan ya juya.

Hannunta yana da ɗumi da danƙon alewa. Na ji ƙararrawa ta buga sau biyu, sau uku. Inna Rabi ta fito ba takalmi, ta zagayo ta bayanmu, ta tsuguna ta nuna wa Nana wata 'yar tsana, ta miƙa mata hannuwa. Nana ta saba da ita, ta yi kwanaki tana ba ta abinci a baki, sai ta karkata wajenta. Ba a fizge ta ba. Ni ce na buɗe hannuna. Daga nan idona yana kan ƙofar soro, ina ƙirgawa. A taku na ashirin sun shige zaure, inda Baba yake tsaye da ledar riguna. A na hamsin na san sun wuce gidan mai ƙosai. Da na kai saba'in da huɗu na ci gaba da ƙirgawa don ban san abin da zan yi in na tsaya ba, har na ji an rufe ƙofar mota can nesa, inji ya tashi, ƙarar ta yi ƙasa ta ɓace. Gwaggo ta leƙo daga ɗaki ta ɗaga mini gira, ta koma tana hamdala.

An jima Kabiru ya cire hannuwansa daga akwatin ya juyo. Ya dubi hannuna da ke kan cinyata a buɗe. Gwaggo ta riga ta tanadi kofin ruwa a bayan ƙofa saboda ko-ta-kwana, ta fito da sauri tana cewa Nana ta tafi unguwa da Inna, yanzu za su dawo, har da tsaraba. Bai shiɗe ba. Bai yi kuka ba. Ya gyaɗa kai, ya tashi ya je ya zauna kusa da turken awaki har magariba. Gwaggo ta yi ta ba maƙwabta labari da alfahari, wai ba ta taɓa ganin wayon da ya ci kamar wannan ba, ta ƙara mini nama a miya. Akwatin kuwa ya zama na yaran lungu. Har layi suke yi a zaurenmu bayan makarantar allo, suka yi ta dukansa har sifirin ya saki, ƙararrawar ta toshe, daga baya Gwaggo ta mayar da shi murfin kwandon kaji. Kabiru bai ƙara taɓa shi ba, ni kuma na ɗauka ƙuruciya ce, ya gaji da shi. Ya koma garensa, amma ya daina ƙugin mota, sai dai ka ji tayar tana wucewa.

Nana ta girma a Maraɗi cikin gata. Takan zo da Babbar Sallah, a shekarun farko sanye da rigunan nan ɗaya bayan ɗaya, an warware lanƙwasar, layin tsohon ɗinkin yana nan a fili. Tana ce wa Inna Rabi Mama, tana ƙirga da Faransanci, tana durƙusa wa Baba ta gaishe shi kamar baƙuwa mai ladabi. Ita da Kabiru sukan gaisa, ya tambaye ta hanya, ta ce lafiya lau, shi ke nan. Ba su taɓa faɗa ba, don ba su san juna sanin da ake faɗa ba. Ni kuma abin da ya daskare mini a wancan lokaci bai narke a rana ɗaya ba. Na yi aure, na haihu, na binne Gwaggo, na binne Baba wanda har ya koma ga Allah bai kira sunana ba, kuma duk tsawon shekarun nan ina ɗauke da abu guda a raina, cewa na yaudari yaron da ya amince da ni, amma aƙalla na tsare masa numfashinsa, bai ji komai ba.

Bara, ana saura kwana uku Sallah, Kabiru ya zo gidana da mota. Yanzu magidanci ne, yana gyaran janareto, yana da 'ya'ya biyu, namiji da mace. Ya ce in raka shi in taya shi zaɓa musu abin wasa, wai sun ƙwace masa waya. Muka je wani katafaren kanti mai sanyi da fitilu, inda kayan wasa suka cika bango har sama, masu waƙa, masu walƙiya, masu magana da Turanci. Can a ƙasa na hango jikan akwatinmu, an ƙara masa wuta da allon maki. Ban san lokacin da na fara bayani ba, cewa a duba murfin ko a ɗaure yake saboda ƙaramar, a duba ko yana cin batir. Kabiru ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaya, ki zaɓo masu wanda ake yi da hannu ɗaya." Na juyo na dube shi. Yana kallon kanta, yana juya makullin mota a yatsa. "Na ji sanda Gwaggo ta ce in na shiɗe ke za ta daka," ya ce. "Na ji tahiyar Inna Rabi a bayana, na ji motar. Ƙwallayen duk ukun sun faɗa tun suna soro. Maɓallan kawai nike dannawa, ina jira ki gama ƙirga, don bakinki na motsi." A nan tsakiyar kantin, gaban wata yarinya mai sayarwa da ba ta san hawa ba balle sauka, na yi kukan da ban yi ba ina 'yar shekara goma sha biyu.

Yaran yanzu ba a fitar da su ta soro a ɓoye kamar da, ko an raba su ma ga waya, da yamma sai su ga fuskar juna su yi gwalo. 'Ya'yana har tambayarsu ake wane takalmi suke so, su ce ba sa son wannan, a mayar. Wani lokaci abin yakan ba ni haushi, wani lokaci kuma in zauna ina kallonsu ina jin da ma an taɓa tambayarmu ko da sau ɗaya. A gidan Ƙofar Marusa an sare bedin an yi ɗaki a wurin, lungun kuma an faɗaɗa shi, mota tana zuwa har ƙofar zaure. Ni da Kabiru mun yi maganar ranar nan sau biyu tun daga kantin, kowa ya faɗi abin da ya ji da abin da ya ɓoye. Nana tana Maraɗi da 'ya'yanta huɗu, muna gaisawa duk Juma'a, ta tambayi yara in tambayi nata. Har yau ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayarta ko ta waiwayo.